Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyaye, malamai da iyayen gidan da matasa ke yi wa aiki

Assalamu alaikum.

Iyayena maza da mata, abokan aikina malamai, da ku iyayen gida da yaranmu ke yi wa aiki bayan an tashi daga makaranta, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ne saboda yaro ɗaya kuke rabawa a tsakaninku, amma da wuya ku taɓa zama wuri guda ku yi maganarsa. Uwa tana ganinsa da asuba da kuma dare, malami yana ganinsa da hantsi, maigida yana ganinsa da yamma. Kowa yana riƙe da yanki ɗaya na yininsa, kowa kuma yana ɗauka yankin da ke hannunsa shi ne yaron gaba ɗaya. Shi kaɗai ke ɗauke da yinin tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma shi ne ba a tambaya.

Na daɗe ina koyar da 'yan shekara 14 zuwa 18, kuma zan fara da laifina kafin in taɓo na kowa.

Akwai wani yaro ɗan shekara 16 da ke zama a layin baya, kusa da taga. Kusan kullum, kafin a kai rabin darasi, sai ka ga kansa ya fara rinjaya, ya ɗora goshi a kan hannu, alƙalami na nan maƙale tsakanin yatsunsa. Na yi masa faɗa, na sha tsayar da shi, har wata rana raina ya ɓaci na ce masa a gaban 'yan aji: "Kai dai rago ne, ba za ka taɓa zama komai ba." Aji ya kwashe da dariya. Bai ce uffan ba. Ya tattara littattafansa a hankali, ya riƙa daidaita gefensu a kan tebur kamar mai wani muhimmin aiki, kansa a sunkuye. A lokacin ne idona ya kai kan hannunsa. Bayan yatsun duk sun tsattsage, fatar ta yi fari-fari irin ta wanda ke daɗewa cikin ruwa da sabulu. Daga baya na samu labarin cewa mahaifinsa ya kwanta ciwo, shi kuma yana wanke-wanke a wani gidan abinci daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 11 na dare, kwana shida a mako. In ya koma gida ya tarar da aikin da ni da sauran malamai muka ɗora masa. Barcinsa ba ya wuce awa biyar.

Bayan kamar wata biyu na ba ajin insha'i a kan abin da kowa yake so ya zama. Wasu sun cika shafi biyu. Shi layi biyu ya rubuta, kuma na biyun cewa ya yi: "Malam ya riga ya faɗa."

Har yau in na tuna wannan layi sai jikina ya yi sanyi. Da abokin aikina na gaya wa wannan magana, da ya ji haushi, ya mayar mini da martani ko ya share ni, domin ya riga ya san kansa. Yaron nan kuwa bai gama sanin ko shi wane ne ba. Yana cikin nema, sai ga babba ya miƙo masa amsa, ya karɓa. Kamar wanda ya taka siminti ne tun bai bushe ba: in ka zo bayan shekara goma za ka tarar da sawun yana nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Gajiyar aiki, da ɓacin ran mu'amala da mutane, da tambayar nan ta "ni wane ne", mu manya muna kallonsu a matsayin abubuwa daban-daban, amma a wurin matashi kaya ɗaya ne a kai ɗaya. Tsawar maigida, da juya bayan aboki, da shirun uba, duk yana karanta su ne a matsayin hukunci a kan ko shi mutum ne mai amfani ko a'a.

Kada wani ya ce labarin aji ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da yawan fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa. A ajin da ke da ɗalibai 35, mutum biyar ke nan. Rahoton UNICEF na 2021 a kan halin da yaran duniya ke ciki ya ce kusan matasa 46,000 ne ke kashe kansu duk shekara, wato kusan ɗaya a kowane minti 11. Wani babban bincike da Ronald Kessler ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2005, ya gano cewa rabin larurorin ƙwaƙwalwar da mutane ke fama da su a tsawon rayuwa sun riga sun fara kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce 24. Magidancin da kuke gani yana zarya asibiti yana ɗan shekara 40, sau da yawa ciwon ya soma ne tun yana zaune a gabanmu a aji, muna kiransa rago ko mai taurin kai.

Masanin da ya fi yin fice wajen bayanin yadda matashi ke neman kansa shi ne Erik Erikson, kuma rayuwarsa ma darasi ce. An haife shi a Jamus a 1902, bai taɓa sanin mahaifinsa na jini ba, ya tashi da sunan mijin mahaifiyarsa, Homburger. Dogo ne mai farin gashi da shuɗin ido, don haka a cikin Yahudawan da ya taso a cikinsu ana yi masa kallon bare, a makaranta kuma ana tsokanarsa da cewa Bayahude ne. Ya yi shekaru yana yawo a ƙasashen Turai yana zane, bai san inda ya dosa ba. Bayan ya koma Amurka sai ya raɗa wa kansa suna Erikson, ma'ana ɗan Erik, wato ɗan kansa. Wannan mutum ne ya ce babban aikin da ke gaban matashi shi ne ya haɗa guntayen kansa su zama mutum ɗaya, in kuwa ya kasa sai ya faɗa ruɗani game da matsayinsa a cikin mutane. Ya kuma ce matashi yana bukatar ɗan sarari, wani lokaci da zai gwada wannan ya gwada wancan ba tare da an kafe shi a kan kuskurensa na farko ba.

A 1966 James Marcia ya ɗora a kan wannan da tambayoyi biyu masu sauƙi: shin matashin ya yi lalube, kuma shin ya tsaya a kan wani abu? Abin da ya fito daga nazarce-nazarcen da suka biyo baya ya kamata iyaye su ji. Matashin da ke tsakiyar lalube, wanda yau yake son zama likita gobe ya ce shi kanikanci zai koya, mai yawan tambaya da musu, shi ne ya fi kowa zullumi, amma a kan hanya yake. Wanda ya karɓi abin da aka zaɓa masa bai taɓa tambaya ba, ya fi nuna natsuwa, kuma shi muke yabo. Sai dai ranar da abin da aka zaɓa masa ya rushe, misali ya faɗi jarrabawar da aka gina masa rayuwa a kanta, ba shi da wata madogara. Wanda ni na fi jin tsoro a kansa shi ne na ukun, wanda ya daina nema kuma bai tsaya a kan komai ba, in ka tambaye shi me yake so ya ɗaga kafaɗa ya ce "ko ma mene ne". Yarona na layin baya can na tura shi da bakina.

Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai mai tanƙwara ya san ɗanyen icce ma yana tsagewa in aka matsa masa da gaggawa. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen tsakiyar shekaru ashirin da wani abu, alhali ɓangaren da ke jin daɗi da zafi da son yabo ya farka tun lokacin balaga. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane wani wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasa in su kaɗai ne suna tuƙi da hankali, amma da an shigo da sa'o'insu ɗakin sai ganganci ya ƙaru sosai, manya kuwa kusan ba su canza ba. Wannan ya nuna irin nauyin da idon mutane ke da shi a wurin matashi. Ku tuna da haka duk lokacin da za ku yi masa faɗa a gaban jama'a.

Yanzu bari in juyo gare ku, iyayen gida, domin ku ne aka fi mantawa da ku in ana wannan magana. Ni ba na cikin masu cewa matashi kada ya yi aiki. Na ga yaran da aiki ya miƙar, suka koyi zuwa a kan lokaci, suka ji daɗin a ce "wannan ni na yi shi da hannuna". Jeylan Mortimer ta bi rayuwar ɗalibai kusan 1,000 a birnin St. Paul na jihar Minnesota tun daga 1988 har suka girma, ta kuma ga cewa waɗanda suka riƙe aiki madaidaici a kai a kai, ba mai cinye lokaci ba, sun amfana da shi. Amma ta ga cewa irin aikin shi ne magana: ko yaron yana koyon wani abu, ko ana mutunta shi, ko aikin yana karo da karatunsa. Tun kafin ita, a 1986, Ellen Greenberger da Steinberg sun yi gargaɗi a kan illar dogon aiki ga 'yan makaranta, kuma bincike da dama sun yi ta nuna cewa in aiki ya haura kamar awa 20 a mako lokacin karatu, sai maki ya fara sauka, matsaloli su fara hawa. Yarona na layin baya awa 42 yake yi a mako, fiye da ninki biyu, ga makaranta a kai.

Akwai wani abu da masu nazarin wahalar aiki suka daɗe da sani. Robert Karasek ya bayyana a 1979 cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda ake bukatar abu da yawa daga gare ka amma ba ka da ta cewa a kan yadda za a yi shi. To wane ma'aikaci ne ya kai matashi rashin ta cewa? Shi ne ƙarami a wurin, shi ake aika, shi ake ɗora wa laifi in abu ya ɓace, shi ake canza wa lokaci ba shawara, shi ake riƙe wa haƙƙi a ce "ai koyo kake yi". Ba ya iya cewa a'a, domin an koya masa cewa musu da babba rashin kunya ne, kuma ya san akwai wasu goma da ke jiran gurbinsa. In budurwa ce, sai ka ƙara da kallon banza da maganganun da wasu abokan ciniki ko manyan ma'aikata ke jifanta da su, ta haɗiye ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ita ta jawo.

Dokokin duniya ba su yi shiru ba. Yarjejeniya ta 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara aiki, tare da sassaucin 14 ga ƙasashe masu tasowa, ta kuma hana aiki mai haɗari ga wanda bai kai 18 ba. Aiki mara nauyi da ta yarda ƙananan matasa su yi, sharaɗinsa kada ya cutar da lafiya ko ya hana karatu. Duk da haka ƙiyasin ƙungiyar da UNICEF ya nuna cewa a farkon 2020 yara miliyan 160 ne ke cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba, miliyan 79 daga ciki a ayyuka masu haɗari. Na san da yawa daga cikinku ba mugunta ce ta sa kuka ɗauki yaro ba, taimako ne, kuma gidansu na cin moriyar abin da yake samu. Ba korarsa nake roƙo ba, domin in kun kore shi kun ƙara masa wata damuwar. Roƙona ku san ajin da yake, ku san lokacin jarrabawarsa, ku sallame shi da wuri a daren da gobe akwai makaranta, ku biya shi haƙƙinsa a ranar da kuka yi alkawari. In ya yi kuskure ku ja shi gefe, ku faɗi abin da ya ɓata, ku bar zagin asalinsa da hankalinsa.

Maganar barci kuwa ta shafe mu duka. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga 'yan shekara 13 zuwa 18. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna cewa da balaga agogon jiki yana ja baya, sinadarin da ke kawo barci yana fitowa a makare, shi ya sa matashi ba ya jin barci da wuri kuma tashin safe ke yi masa wuya. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa makarantun matasa kada su fara darasi kafin 8:30 na safe. Rashin barci yana rage haƙuri, yana dushe tunani, yana sa ƙaramin ɓacin rai ya zama dutse. Yaron da maigida ya riƙe har dare, malamai biyar kowa ya ba shi aikin gida kamar darasinsa kaɗai ake yi, waya kuma ta cinye ragowar, mun haɗu mun kwashe masa abin da ƙwaƙwalwarsa ke gyara kanta da shi, sannan da safe mu yi mamakin fushinsa.

Sai mu'amala, wadda a ganina ita ce ta fi zurfi kuma ita muka fi rainawa. Wata yarinya 'yar shekara 15, mai surutu da fara'a, ta koma zama a aji lokacin hutun tara ita kaɗai. Ranar da na zauna kusa da ita na tambaye ta lafiya, wayarta na kan tebur. Ta kife ta, bayan ɗan lokaci ta buɗe ta duba, ta sake kifewa, haka ta yi ta yi har sau biyar muna magana. Ashe ƙawayenta huɗu da suke tare tun suna ƙanana ne suka cire ta daga zaurensu na hira a waya, bayan ɗaya daga cikinsu ta yaɗa wani sirri da ta gaya mata. Kwana tara ke nan tana jiran ko ɗaya za ta turo mata saƙo. Da ta gaya wa mahaifiyarta, amsar da ta samu ita ce: "Ƙawaye ne fa kawai, ki yi wasu." Uwar ba ta yi ƙarya ba, kuma da ƙauna ta faɗa. Amma yarinyar ba ƙawaye kaɗai ta rasa ba, ta rasa madubin da take kallon kanta a ciki. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ware a wani wasan jifan ƙwallo na kwamfuta, suka ga wani sashe da ke motsawa lokacin zafin ciwo na jiki ya motsa. In yaro ya ce wariya tana yi masa ciwo, ku yarda da shi.

A zamaninmu in an yi faɗa a makaranta, da ka fita ƙofa ka samu hutu har gobe. Yanzu faɗan yana biyo yaro cikin aljihu, ya hau gado tare da shi, ya tashe shi ƙarfe biyun dare.

Haka nan soyayya. Na san iyaye da yawa ba sa son a ambaci wannan, kuma kowane gida yana da iyakar da ya gindaya, ban zo rushe ta ba. Amma rufe ido ba ya hana zuciyar ɗan shekara 17 kamuwa. Wani bincike da Scott Monroe da abokansa suka wallafa a 1999, a kan matasan jihar Oregon, ya nuna cewa rabuwa da masoyi tana cikin abubuwan da kan zo gab da ciwon damuwa na farko a rayuwar matashi. Wanda ya san in ya faɗa a gida duka ko gori zai sha, shi kaɗai zai yi jinyar zuciyarsa, ko ya kai kukansa wurin sa'ansa da bai fi shi sanin komai ba. Wata kuma tana hannun wanda ke bincika mata waya, yana hana ta ƙawaye, yana yi mata barazana da hotunanta, ita kuma tana zaton kishi ne na so, domin babu babban da ya taɓa zama ya bambance mata so da mallaka.

Ban manta da gida ba. Iyayena, yaran nan suna ji. Rigimar da kuke yi bayan kun rufe ƙofa, da gabar da kuke yi ta kwana da kwanaki, da aiken "je ka gaya wa babanka", duk a kansu suke sauka. Kwatanta yaro da ɗan'uwansa ma, "dubi yayanka", yana gaya masa ne cewa an riga an samu ɗan da ake so, shi ƙari ne.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma na sha faɗa: mu ma haka muka taso, da wahala da tsawa, ga mu mun zama mutane. Haka ne, wasunmu sun zama. Amma kowannenmu in ya yi shiru zai tuna wani sa'ansa da bai kai ba, wanda ya faɗa shaye-shaye, ko ya bar karatu ba dalili, ko ya zama mutumin da iyalinsa ke tsoron dawowarsa gida. Ba mu kira abin da sunansa ba a lokacin, cewa muka yi ya lalace. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ban musa ba. Sai dai akwai abin da yaro ke ji a ƙirjinsa wanda babba ba zai taɓa sani ba sai ya tambaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ciwon damuwa a wurin matashi ba kullum yake zuwa da kuka ba. Sau da yawa da fushi yake zuwa, da saurin hasala, da ciwon kai ko ciwon ciki da aka rasa dalilinsa, da barin abin da a da yake so, da barci mai yawa ko rashinsa. In irin wannan ya kai mako biyu kusan kullum, kuma ya taɓa karatu ko cin abinci ko zama da mutane, ya wuce halin ƙuruciya, a kai shi wurin likita ko ma'aikacin lafiya kamar yadda za a kai shi in zazzaɓi ya ƙi sauka. Bayan balaga 'yanmata sun fi kamuwa, kusan ninki biyu na samari, su kuma samari sukan ɓoye nasu cikin faɗa da ganganci. In yaro ya fara cewa gara ma ba ya duniya, ko yana rabar da kayan da yake ji da su, ko kun ga tabon yanka a hannunsa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Na san kalmar tana da nauyi a baki, kuma mutane suna tsoron kada su sa masa tunanin. Binciken da Madelyn Gould ta yi a kan 'yan makarantar sakandare a jihar New York, wanda ya fito a 2005, ya nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami daga inda hannunsa zai kai, a nemi likita a ranar. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su.

Na san ƙwararru sun yi ƙaranci. A duniya, abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata mu riƙa tunatar da masu mulki. Amma akwai abin da ba ya jiran kasafi. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rigimar gida da rashin lafiyar iyaye, amma a cikin waɗannan ma kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutane masu natsuwa da riƙon amana. Cikin abubuwan da ta ga sun yi tarayya a kai akwai samun aƙalla babba ɗaya da ya tsaya musu, wani kaka, wani goggo ko kawu, wani malami, wani maƙwabci. Kowane ɗaya daga cikin masu karanta wannan wasiƙa yana iya zama wannan mutum ga wani yaro, har da kai maigida.

Abokan aikina malamai, mu ne muka fi kowa yawan awoyi da su, mu ne kuma bakinmu ya fi kaifi. Mu riƙa tuntuɓar juna kafin mu jibga aikin gida a dare ɗaya. Mu daina karanta makin yaro da ƙarfi don a yi masa dariya. In ɗalibi ya canza, mu tambaye shi a keɓe kafin mu rubuta shi a cikin masu laifi. Iyaye kuma, in ɗanku ya zo da magana, ku bari ya kai aya kafin ku fara nasiha, ko da abin da yake faɗa ya tayar muku da hankali. In ya ce ba ya son hanyar da kuka zaɓa masa, ku tambaye shi wacce yake hange da dalilinsa, ku ba shi damar ya gwada ƙaramin abu ya gani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sauraro ba ya rage wa uba girma, yanke shawara dai tana hannunku.

Game da yarona na layin baya, na kira shi bayan an tashi, na ajiye takardarsa a gabansa na ce masa abin da na faɗa ƙarya ne, kuma na yi kuskure, ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ba komai, Malam. Na san da komai. Da izininsa da na mahaifiyarsa na je na sami maigidansa, ina zaton zan tarar da azzalumi. Sai na tarar da mutumin kirki da aiki ya sha wa kai, wanda bai ma san yaron yana shekarar jarrabawa ba, domin bai taɓa tambaya ba, yaron kuma bai taɓa faɗa ba. Ya yarda ya riƙa sallamarsa ƙarfe 8 a ranakun makaranta ba tare da ya rage masa komai ba. Yaron bai zama na ɗaya a aji ba, kuma wani lokaci yakan yi gyangyaɗi a gefen tagar nan. Amma kafin ƙarshen zango ya kawo mini insha'in da ban sake nema ba, shafi ɗaya da rabi, a kan yadda yake son ya koyi aikin lantarki, har da zanen yadda ya gyara fitilar ɗakinsu.

Ina roƙon kowannenku, a cikin makon nan, ya tambayi matashin da ke hannunsa ƙarfe nawa ya kwanta jiya, da abin da ya hana shi kwanciya da wuri, sannan ya zauna ya ji amsar.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makarantar sakandare